Tsoho da ƙarar agogo

Ɗan ƙanena yana da ɗakin ɗaukar waƙa a Maraɗi. Ran nan na kai masa tsohon makaɗin kalangun garinmu, don a ɗauki kiɗansa tun yana da rai.

Yaron ya sa masa abin saurare a kunne. A ciki akwai wata ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ta agogo. Ita mawaƙan zamani suke bi, kada su yi sauri ko nawa. Tsoho ya gwada har sau ukku. Kiɗa ya fito daidai, amma ba daɗi. Ya ce: «Ɗana, ni ƙafar masu rawa na saba bi.»

Yaro ya ce: «To Baba, kaɗa yadda kake so.» Ya kashe ƙarar.

Daga baya wahala ta koma kansa. Ya riƙa saurare, yana sa alama cikin kwamfuta bisa kowane bugu. Da farko bugu 100 ne cikin minti guda. Wajen kirari tsoho ya lafa, can ƙarshe ya kai 120. Waɗannan alamomi mai jita ya bi da ya zo ɗora nasa. Kwana biyu yaron yana wannan aiki, yana gunaguni.

Da aka kunna ma tsoho, bai ce komi ba. Ƙafarsa dai muka ga tana motsi.