Ranar Alhamis a Kwalejin Kontagora

A Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Kontagora, wadda aka buɗe a 1978, na koyi malantar lissafi. Shekara uku ake yi kafin a ba mutum takardar NCE, kuma hukumar NCCE da aka kafa a 1989 ita ke tsara abin da ake karantawa a irin waɗannan kwalejoji. Saboda haka abin da muke fama da shi a lokacin a Kontagora, garin Sarkin Sudan, shi takwarorinmu ke fama da shi a Zariya da Kano da Katsina.

A aji biyu makonmu kashi biyu ne. Farkonsa na lissafi ne zalla, aljabara da kalkulas, inda kowa ke son a san ya iya. Sauran kwanakin na darussan ilimi ne, waɗanda mu 'yan sashen lissafi muke yi wa kallon surutu. A nan aka karanta mana Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, da matakansa huɗu na girman tunanin yaro, aka ce tsakanin shekara 7 zuwa 11 yaro ya fi gane abin da ya gani ya taɓa. Muka haddace don jarrabawa, muka wuce.

Alhamis ce ranar da ba a wucewa haka nan. Ita ce ranar ƙaramin darasin gwaji, dabarar da aka fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: ɗalibi ya tsaya gaban 'yan uwansa na 'yan mintoci, ya koyar da abu guda, a yi masa gyara, ya koma ya sake shiri ya dawo. Kowane mako da abin da ake dubawa. Wannan makon yadda kake buɗe darasi, wancan yadda kake tambaya, wani kuma rubutunka a allo da inda kake tsayawa, don akwai masu juya wa aji baya su yi ta hira da allo har lokaci ya ƙare.

Malamarmu dattijuwa ce, Hajiya muke ce mata. Ba ta zama a gaba. Bencin ƙarshe take zuwa ta zama yarinyar da ba ta ganewa, kuma ta iya wannan wasa ƙwarai.

Wata Alhamis wani abokinmu daga wajen Rijau, wanda duk ajin ba mai kama shi a kalkulas, ya tashi koyar da tara ɓangarori. Ya rubuta 1/2 + 1/3. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Malam, ni na samu 2/5. Na tara na sama, na tara na ƙasa."

Ya ce a'a, ya zayyano ƙa'ida: a nemo lambar da 2 da 3 ke shiga, a mayar, a tara.

"Malam, ban gane ba. Me ya sami nawa?"

Ya maimaita ƙa'idar, wannan karon da ƙarfi. Ta ce har yanzu ba ta gane ba. Gumi ya keto masa. Mu da ke dariya a ɓoye, da an tashe mu, ƙa'idar nan za mu sake karantowa. Da lokaci ya cika ta miƙe ta ce, "'Ya'yana, duk kun san amsar. Wa ya san dalilin da yaro ke faɗin 2/5?" Aka yi tsit.

Makon ya ƙare mana a kan wannan tambaya, a ɗakin kwana da wajen mai shayi. Wani ɗan ajinmu da ya yi nisa a karatun zaure ya tuna mana cewa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi ba baƙi ba ne a gidajenmu, da su ake rabon gado tun kafin boko. Abokinmu kuwa gona ya shiga. Alhamis ta gaba ya zo da karan dawa, ya zana masa gaɓa shida daidai wa daida. Rabi gaɓa uku, sulusi gaɓa biyu, jimla biyar cikin shida. Sannan ya juya ga Hajiya.

"'Yammata, kina da rabin kara, aka ƙara miki. Zai ƙaru ko zai ragu?"

"Zai ƙaru, Malam."

Ya ɗauko wani karan mai tsawo ɗaya, ya kasa biyar, ya nuna mata biyu ba su kai rabi ba. Gani ya kori ji. A ranar Piaget ya fito daga littafi.

A aji uku aka tura mu koyarwar gwaji. Na samu wata makaranta a cikin gari, aji maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, 'ya'yan Hausawa da Kambari da Dukawa da Fulani, littafin kuma da Turanci. Amsar 2/5 ta zo daga bakin yara da yawa, kamar yadda Hajiya ta nuna. Amma akwai abin da Alhamis ba ta koya mana ba. Yarinyar da ta kasa 200 × 7 a allo, da na ce mata jaka bakwai nawa ne, kafin in rufe baki ta ce dubu ɗaya da ɗari huɗu. Talla take yi da yamma. Lissafin yana kanta, hanyar allo ce ba ta haɗu da ta kasuwa ba.

Shi ya sa nake ganin darasin gwaji gaban 'yan uwa manya, duk amfaninsa, rabin aiki ne. Ba kowane aji ke da Hajiya ba, kuma babba komai iya wasansa ba zai yi kuskuren yaro daidai ba. Masu tsara horon malamai su riƙa kai ɗalibai gaban yara na gaske tun daga aji ɗaya, ko da sau ɗaya ne a mako, kada a jira sai shekarar ƙarshe.