Baiwa Daga Sama Take, Reno Daga Gida

A gidajenmu na Hausawa Kirista akwai kalmar da yaro yake tashi da ita a kunne, wato baiwa. Manzo Bulus ya yi bayaninta a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 12, da kuma Romawa sura 12, inda ya nuna cewa Ruhu ɗaya ne amma kowa da rabonsa: wani koyarwa, wani hidima, wani ƙarfafa zuciya, wani jinƙai. To, wa yake fara gane wannan rabo a jikin yaro? A ganina ba fasto ba ne, domin kuwa shi ran Lahadi yake ganin yaro cikin wankakkiyar riga. Iyaye ne ke ganinsa a gona da bakin rijiya.

Na tashi a wani ƙauye kusa da Maruta a ƙasar Gwaram, inda gidajen Kirista ba su da yawa. Kakarmu ba ta iya karatu ba, amma kullum bayan tuwon dare sai ta sa a kunna fitila, ɗayanmu ya karanta Littafi Mai Tsarki, ita kuma tana nazarinmu. Yayata mai murya ce, aka ba ta jan waƙa. Ƙanena yana da i'ina, har baƙi kan tausaya masa, amma Kaka ta lura duk tsohon da ya kwanta ciwo a unguwa, Musulmi ko Kirista, shi ne mai kai masa kunu ya zauna da shi. Takan ce, "Ku bar mini jikana, nasa wa'azin a ƙafa yake." Ni kuwa da ta ga ina yawan zane a ƙasa, sai ta riƙa tura ni in rubuta wa maƙwabta wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke ci-rani a Kano da Legas. Nan na fara riƙe alƙalami.

Abin da ke damuna yanzu shi ne, iyaye da yawa sun taƙaita baiwa ga abin da ake tafa wa. Yaro in bai shiga ƙungiyar mawaƙa ba, bai kuma iya tsayawa gaban jama'a ya yi wa'azi ba, sai a ɗauka Allah ya tsallake shi. Ta haka mai haƙuri da mai saukar baƙi da mai rubutu suke girma ba wanda ya taɓa ce musu abin da ke hannunsu ma daga Allah yake. In sun tafi birni sai abin ya bushe.

Mu dubi Wusasa ta Zariya. Ƙaramar al'umma ce, amma ta fitar da Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga littattafan da suka fito bayan gasar 1933. Makaranta ta yi nata, amma kowannensu daga wani gida ya fito. Timoti ma, ai kakarsa da mahaifiyarsa Bulus ya ambata a matsayin tushen bangaskiyarsa.

'Yan'uwa marubuta, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma yawancin abin da Kirista Bahaushe yake karantawa fassara ce. Labarin gidajenmu, wa zai rubuta shi in ba 'ya'yanmu ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda ya ga ɗansa yana ɓata bango da gawayi, kafin ya ɗauki tsumagiya, ya fara saya masa littafin rubutu da fensir.