Ranar da Zangon Agege Ya Zura wa Bututun Hayaƙi Ido

Shekarar 2005 ce ta mayar da mu Hausawan Agege masana zaɓen Fafaroma, mu da ko ƙofar coci ba mu taɓa leƙawa ba. Dalili guda ne, an ce mana ɗan Najeriya na iya hawa kujerar. John Paul na Biyu ya rasu ranar Asabar 2 ga Afrilu bayan shekara 26 yana jagoranci, kuma tun kafin a binne shi ranar 8 ga wata jaridun Legas sun gama naɗa Kadinal Francis Arinze. Duk inda mai jarida ya shimfiɗa hajarsa a Pen Cinema sai ka ga cincirindo, ’yan karatun kyauta an sunkuya, hoton Arinze da jar hularsa a shafin farko.

Lokacin ina yaron shago wurin kawuna, mai sayar da goro a Zango, ba nisa da layin dogo. Aikina kwance huhu, sauya ganye, yayyafa ruwa da tsince mai sankara kafin ya ɓata ’yan’uwansa. Kawu Basakkwace ne, ya fi shekara goma a Kurmi amma harshensa bai gusa ko kaɗan ba. Jikin shagonmu akwai wani mai kemis, Ibo ɗan jihar Anambra, wato jiharsu ɗaya da Arinze. Shi ke da janareta da tauraron ɗan’adam a layin, don haka duk wani babban abu, ƙwallo ko yaƙi, a ƙofarsa ake kallo. Na ukunsu wani dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, tsohon soja, ɗan Katolika, yana gadin wani sito. Sajan muke ce masa. Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma ya taɓa koyar da masu shirin baftisma a garinsu, saboda haka ya san abin ciki da bai. Yana cikin taron da ya ga John Paul a Kaduna a Fabrairun 1982, labarin da ba ya gajiya da bayarwa.

Mai kemis ya riga ya sayi katan na lemo ya ajiye. Shi a wurinsa magana ta ƙare. Arinze ya zama bishop yana ɗan shekara 32 a 1965, ya riƙe Anaca a zamanin yaƙin basasa, ya zama kadinal a 1985, ya shafe kusan shekara 18 yana shugabantar ofishin Vatican mai hulɗa da sauran addinai. To wa ya fi shi? Mu ma wannan na ƙarshen ya ja hankalinmu. Raunin rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 bai gama warkewa ba, kuma mutumin da ya san zama da Musulmi ba abin yarwa ba ne.

Wani dare a teburin mai shayi, an gama sauraron BBC, Kawu ya juya ga Sajan.

“Sajan, wanga sarauta taku, su wa ka naɗa ta?”

“Kadinal-kadinal ne, Alhaji. Duk wanda bai kai shekara 80 ba. Za a kulle su a ɗaki ɗaya, ba waya, ba jarida, ba rediyo, sai sun fitar da mutum guda.”

“To in sun hitar, wa suka kai ma sunan?”

“Ba kowa.”

“A’a. Ina nufin gwamna, ko shugaban ƙasar Italiya. Wa ka sa hannu?”

“Ba mai sa hannu, Alhaji. Za a tambayi mutumin, ka karɓa? In ya ce ya karɓa, a nan take ya zama Fafaroma.”

Kawu ya yi dariya har ya ajiye kofi. Ya ce ba a yi sarautar da ba ta da mai gida ba. Kawu kuwa yana da hujjarsa, don yana Sakkwato a Nuwamban 1988 lokacin da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu bayan shekara 50 a kan gado. Da kunnensa ya ji an ce Muhammadu Maccido ne, gari ya ɗauki murna. Kafin a ankara gwamnatin soja ta Babangida ta ce Ibrahim Dasuƙi ne. Ya ce mana ya ga matasa sun cika titi suna “ba mu so”, ya ga hayaƙin taya ya rufe gari, an yi asarar rayuka, an sa dokar hana fita. Bayan shekara takwas, a 1996, wani sojan, Abacha, ya tuɓe Dasuƙi ya kawo Maccidon. Wanda ya ga haka da idonsa, ka ce masa akwai masu zaɓen da ba a taka su, ai sai ya ɗauke ka mai tatsuniya.

Amsar da Sajan ya ba shi ita ta zauna mini a rai. Bai ce su sun fi mu tsarki ba. Cewa ya yi, abin da aka yi muku a 1988 mu an yi mana shi ya fi a ƙirga, kullen nan da ka ji ba ado ba ne, tabon duka ne. A daren ya ba mu abin da ya sani, sauran kuma na bi na karanta daga baya, na tarar dattijon bai ƙara gishiri ba.

Da fari limamai da jama’ar birnin Rum ke zaɓen bishop ɗinsu. Da kujerar ta yi ƙarfi, ta tara ƙasa da dukiya, sai manyan gidajen Rum suka mayar da ita abin gado, kowane gida na cusa ɗansa. Sarakunan Jamus ma suka sa hannu. A 1046 Sarki Henry na Uku ya zo Italiya ya tarar da mutum uku kowa na cewa shi ne Fafaroma, ya share su duka ya ɗora Bajamushe. Sai a 1059 Fafaroma Nicholas na Biyu ya yi dokar da ta damƙa zaɓen a hannun kadinal-kadinal. A 1179 Alexander na Uku ya ƙara da cewa sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri’u, domin shi kansa ya sha fama da ’yan adawar da sarkin Jamus ya ɗaure wa gindi.

Labarin da ya fi ba majalisarmu dariya shi ne na garin Viterbo. Fafaroma ya mutu a can a 1268, masu zaɓe suka rabu gida biyu, masu son Faransa da masu ƙin ta. Aka shekara, aka shekara biyu, ba a naɗa kowa ba. Mutanen gari suka gaji da ciyar da baƙi, suka garƙame musu ƙofa, suka rage abinci ya koma burodi da ruwa, ƙarshe suka yaye rufin ginin don rana da ruwan sama su taya su shawara. Uku daga cikinsu sun mutu kafin a gama. Sai a 1271 suka daidaita kan wani mutum da ko kadinal ba shi ne ba, yana can Akka a ƙasar Falasɗinu. Shi ne Gregory na Goma, kuma da yake ya san abin da ya faru, a 1274 ya mayar da kullen doka: in an kwana uku ba a gama ba a rage abinci, in an ƙara biyar a koma burodi da ruwa da ɗan ruwan inabi. Mai shayinmu, yana yanka burodin Agege, ya ce da irin wannan aka ba su da sun ƙara shekara.

Duk da haka sarakuna ba su saki ba. Daga 1378 zuwa 1417 cocin ta tsage, Fafaroma a Rum, wani a Avignon ta Faransa, daga baya har na uku, kowace ƙasa ta bi wanda ya dace da siyasarta. Bayan an ɗinke ɓarakar sai sarakunan Faransa da Sifen da Ostiriya suka ɓullo da wata al’ada, kowannensu na iya aiko da sunan mutum ɗaya ya ce ban da wannan. A zaɓen 1903 Kadinal Rampolla na kan gaba, sai kadinal na Krakow ya miƙe ya ce Sarki Franz Joseph na Ostiriya bai yarda da shi ba. Wanda aka zaɓa a maimakonsa, Pius na Goma, shi ya soke al’adar a 1904, ya ce duk kadinal ɗin da ya sake kawo saƙon wani sarki cikin ɗakin zaɓe an kore shi daga coci. Kawu ya lissafa da yatsu, daga 1059 zuwa 1904. Ya ce, “Ashe sun daɗe suna shan kashi.” Ya ƙara da cewa a shekarar da sarkin Ostiriya ya yi wannan katsalandan, a ita ce Lugga ya ci Sakkwato ya ɗora Attahiru na Biyu. Su suna fita daga abin, mu muna shiga.

Aka kulle su ranar Litinin 18 ga Afrilu a ɗakin ibada na Sistine, su 115. Biyu namu ne, Arinze da Anthony Okogie, babban bishop na Legas, wanda ya zama kadinal a 2003. Okogie kam mun san shi, ba ya raga wa gwamnati, soja ko farar hula. Da dare baƙin hayaƙi ya fito daga bututun ɗakin, alamar ba a zaɓi kowa ba tukuna. Talata da rana ma baƙi. Sajan ya bayyana mana cewa kowa da hannunsa yake rubuta suna, ya ninke takardar, ya je gaba ya rantse ya saka. In an ƙirga sai a soke takardun da allura a zare ɗaya a ƙone. Ana bukatar ƙuri’a 77.

Bayan La’asar, wajen ƙarfe biyar saura, aka ɗauke wuta kamar kullum. Mai kemis ya ja janareta, hoto ya dawo, sai ga hayaƙi na fita daga bututun. Ba fari ba, ba baƙi ba, toka-toka. Nan gardama ta kaure. Mai kemis na ihu fari ne, wani ɗan acaba da ya tsaya kallo ya ce wallahi baƙi ne, matar mai kemis ta durƙusa a kan siminti da carbinta tana addu’a. Mahauta biyu da suka taso daga mayankar Oko-Oba suka tsaya da wuƙaƙensu a kube, suna tambaya ko an ci ƙwallo ne. Can sai babbar ƙararrawar cocin Bitrus ta fara kaɗawa, aka tabbatar. Muka jira kusan awa guda. Wani dattijon kadinal ɗan ƙasar Chile ya fito baranda yana magana da Latin. Ba wanda ya fahimci komai sai da ya ce “Josephum”. Sajan ya sauke hularsa ya ce, “Bajamushen ne.”

Mai kemis bai ce uffan ba. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya shiga ya fito da katan ɗin lemon ya raba wa kowa, ya ce ai Uba ya samu, ko wane ne. Kawu ya ɗebo farin goro mai kyau ya ba shi, ya ce, “Oga, sai haƙuri, sarauta ta Allah ce.”

Ni dai a ganina ba a yi wa Arinze fashi ba, jaridu ne suka sayar mana da abin da babu. Cikin 115 ɗin nan, 11 ne kawai daga Afirka, rabi kuwa Turawan Turai ne. Joseph Ratzinger, Bajamushen da aka zaɓa, shi ne shugaban majalisar kadinal, shi ya ja sallar jana’izar, ya shekara fiye da 20 a gefen marigayin. Sannan duk masu zaɓen in ban da mutum biyu, John Paul ne ya naɗa su da hannunsa. A nan ne na ga Kawu bai faɗi ƙasa warwas ba. An kori sarakuna daga ɗakin, amma siyasa ba ta fita ba, sai dai ta koma hannun wanda ke kan kujera, shi ke zaɓen waɗanda za su zaɓi magajinsa. Bambancin dai, kuma ba ƙarami ba ne, in hayaƙin ya tashi babu wani ofishi da zai kira washegari ya ce an yi kuskure.

A 2013 Fafaroma Benedict, wato Ratzinger, ya yi abin da ba a gani ba tun 1415, ya sauka da kansa. Arinze ya riga ya cika 80, bai shiga ba, Okogie da John Onaiyekan na Abuja suka wakilce mu. Farin hayaƙin ya tashi ranar 13 ga Maris muna fitowa daga Magariba, aka ba ɗan Ajantina, Fafaroma Francis. Ba a taru kamar da ba. Shekarar da ta biyo baya kuwa gardamar Zango ta koma gida. Ado Bayero ya rasu 6 ga Yunin 2014, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta suka miƙa sunaye, Gwamna Kwankwaso ya ɗauki Sanusi. A 2020 Ganduje ya tuɓe shi, a 2024 Abba Kabir Yusuf ya mayar da shi, Kano ta wayi gari da mutum biyu kowa na amsa sunan sarki. Sajan ya koma garinsu kafin nan. Da yana nan na san Avignon zai tuna mana.

Zaɓen Mayun 2025 a waya na kalle shi, ina zaune a shagon da yanzu ni ke riƙe da shi. Masu zaɓe 133 ne, 108 daga ciki Francis ya naɗa, suka fitar da Ba’amurke, Robert Prevost, a rana ta biyu. Ɗan Najeriya ɗaya ne tak a ɗakin, Peter Okpaleke, kuma tarihinsa ya isa a tsaya a kai. A 2012 Benedict ya naɗa shi bishop na Ahiara a jihar Imo, limamai da jama’ar Mbaise suka ce ba ɗan ƙasarsu ba ne, ba sa so, suka hana shi shiga. A 2017 Francis ya ba limaman kwana 30 kowa ya rubuto takardar tuba. Sun rubuta, amma ƙofar ba ta buɗu ba, a 2018 Okpaleke ya ajiye muƙamin. Francis ya yanka masa sabuwar dayosis a Ekwulobia a 2020, ya ba shi jar hula a 2022. Da na karanta wa Kawu wannan ta waya, yana gida Sakkwato tsufa ya kama shi, sai ya ce in je in tambayi mai kemis, su mutanen Mbaise ɗin, an sa musu dokar hana fita?