Shingen Lambu A Bakin Kogin Galma

Matafiyin da ya bar Zariya ya kama hanyar Jos ba zai yi nisa ba sai ya tarar da gadar Kogin Galma. In da rani ne, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne koren lambuna, ga tumatir ga albasa ga attarugu, alhali kuwa tudu duk ya bushe ƙayau. Da wuya ya kula da shingen da ya kewaye su, ko da yake ba domin shingen nan ba da babu lambun.

Dalili kuwa shi ne, da zarar an kawar da amfanin gona sai a saki awaki da tumaki, shanun makiyaya kuma su gangaro kogi shan ruwa. Garke ɗaya in ya faɗa lambu da dare, kafin asuba wahalar wata uku ta tashi a banza. Daga nan sai rigima, sai gaban mai unguwa, wani lokaci har abin ya kai ga jini. Saboda haka mai lambu yakan fara neman dirkoki tun bai zuba iri ba.

Dattawa sun fi amincewa da ƙirya, domin itace ne mai tauri wanda gara ba ta iya wa zuciyarsa, sa'an nan marke. Amma ƙirya ta yi wuya, masu gawayi da masu sassaƙa turmi sun riga masu lambu zuwa gare ta. Abin da ya fi samuwa yanzu shi ne dalbejiya, watau dogon yaro, wadda asalinta daga Indiya ne, aka shigo da ita Barno a 1928. Sandar turare tana da miƙewa da araha, sai dai ba ta jure gara.

Kafin dirka ma ba aikin gaggawa ba ne. Da farko a ɓare ɓawon, gama a ƙarƙashinsa ƙwari ke fakewa. Sai a babbake gindin a wuta har ya yi baƙi, waɗansu kuma su shafe shi da baƙin mai. Masu kauri su ake kafawa a kusurwoyi, a ja igiya tsakaninsu don layi ya miƙe. Ana haƙa rami da dagi, zurfinsa kamar ƙafa biyu, yadda kashi ɗaya cikin uku na dirkar zai shige ƙasa. Ba a turbuɗe ramin gaba ɗaya. Kaɗan kaɗan ake zuba ƙasa ana dandaƙawa, domin ƙasar fadama tana dadarewa in ta bushe, dirkar da aka yi wa sako-sako kuwa sa ɗaya ya goga jikinsa ya kwantar da ita. Bayan haka a ɗaura tanka, a jera kara ko ƙaya.

Duk da wannan wahala, busasshiyar dirka daga daidai bakin rami take ruɓewa, musamman a nan inda ruwa kan kwanta da damina. Shi ya sa dabarar kakanni ta fi ta kowa: a sari ɗanyen reshen aduruku ko dashi ko zogale, a bar masa ɓawonsa, a kafa shi gab da faɗuwar ruwa. Sai ya yi saiwa ya tsaya da ransa. Baɗi a sassabe shi a sami sababbin dirkoki, zogalen kuma ganyensa ya shiga kwaɗo.

Har wa yau akwai batun inda ake kafawa. Fadama ta yi daraja tun da injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, wani sai ya ga burtali fili ne da ba mai shi, ya tura shingensa taku biyu, maƙwabcinsa ya ƙara uku. Ranar da garke ya iso ya tarar hanyar ruwa ta tsuke, ko da ƙirya aka yi dirkokin, ta cikin lambun zai ratsa.