Ƙarfe Shida da Rabi a Lambun Ueno

Na idar da sallar asuba, na ja bargo zan koma barci, sai ga ɗan ƙanwata yana ƙwanƙwasa ƙofa. "Kawu, ɗauko rigar sanyi. Akwai abin da nake so ka gani, kuma ba ya jiran kowa." Shekararsa ta uku ke nan yana karatu a Tokyo. Ni kuwa kwanana huɗu da sauka, jikina bai gama rarrabe dare da rana ba, domin agogonsu ya riga namu da awa takwas. Na yi ɗan ƙunƙuni, na zura takalmi, na bi shi.

Farkon Afrilu ne. Masu fassara labarai sukan kira wannan lokaci bazara, amma duk wanda ya taɓa shan ranar Sakkwato a watan Afrilu ya san an ci zalin kalmar. Su Japanawa haru suke ce masa. Hunturu ya juya baya, sai dai sanyi bai gama tattara kayansa ba. Da sassafe iska na cizon kunne kamar ta Jos a watan Janairu, da hantsi kuma mutum ya tuɓe rigar sama. Itatuwan da suka yi watanni tsirara sun fara toho, itacen sakura kuwa ya rufe kansa ruf da fure fari mai ɗan sirkin ja, wanda ba ya wuce mako guda ko kwana goma kafin iska ta kakkaɓe shi. Lambun Ueno, wanda aka keɓe domin jama'a tun 1873, yana da ɗaruruwan irin waɗannan itatuwa, na kuwa ɗauka furen aka kawo ni gani.

Ashe tsofaffi aka kawo ni gani. Suna ta ɓullowa ta kowace kusurwa, wasu a ƙafa, wasu a kan keke, wasu da sanda. Kowa ya zo sai ya ɗan rusuna wa na kusa da shi, ya ajiye jaka a gindin bishiya, ya nemi wurin da hannunsa ba zai bugi na wani ba. Ƙarfe shida da rabi na cika wani dattijo ya murɗa rediyo, kiɗan fiyano ya tashi, hannuwa suka ɗaga sama lokaci ɗaya kamar da igiya aka ja su.

Wata tsohuwa ce a damana. Ba na jin ta gaza tamanin. Bayanta ya lanƙwashe kamar lauje, ta zo tana tura wani ɗan keke mai akwati, wanda take dogarawa in tana tafiya, take zama a kansa in ta gaji. Hannunta ba ya wuce kafaɗa, amma duk inda kiɗan ya ce a kai shi, tana kai shi iyakar inda ya yarda. Can gefe wani yana zaune a kan benci yana yin nasa daga zaune. Ɗan ƙanwata ya zungure ni, na shiga sahu. Juyin hannu na farko kafaɗata ta ce ƙas. Da aka zo sunkuyo na tarar da tsakanina da yatsun ƙafata akwai tafiya mai nisa. Da aka zo ɗan tsalle-tsallen ƙarshe, ni mai shekara 59 ina haki, tsohuwar nan kuwa tana ɗaga dugaduganta a hankali tana saukewa, fuskarta ko a jikinta.

Sunan abin rajiyo taiso, wato motsa jiki na rediyo. An fara shi a 1928, kuma hukumar inshorar rai ta gidan waya ce ta kawo shi, bayan ta ga wani kamfanin inshora a Amurka yana irinsa ta rediyo. Wannan ya ba ni dariya: ribar mai inshora ai ita ce kada ka mutu da wuri, ga shi son riba ya haifar da alheri. Tsarin da ake bi yanzu na 1951 ne. Kashi na farko motsi 13 ne cikin minti uku da 'yan daƙiƙu, sai kashi na biyu ya biyo baya, duka shirin minti goma, gidan rediyon NHK na watsa shi kowace safiya. Yara na yin sa a makaranta, ma'aikata na yi a masana'anta kafin a kama aiki. Saboda haka tsohuwar da ke damana ba koyo take yi ba. Tun tana 'yar firamare jikinta ya haddace.

Motsin ba wani abin a zo a gani ba ne: miƙa, juya kafaɗa, murɗa ƙugu, lanƙwasa gwiwa, karkata dama da hagu. Amma waɗannan gaɓoɓin su ne tsufa ke fara kamawa, kuma su ke hana mutum faɗuwa. Duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san abin da faɗuwa ɗaya a banɗaki ke jawowa: ƙashin ƙugu ya karye, a kwanta wata biyu, ƙafa ta tsotse, daga nan tashi ya gagara. Lokacin sanyi mutane kan lafe a ɗaki, ƙafa ta yi nauyi. Da gari ya fara ɗumi sai su fito, amma ba da gaggawa ba. Ban ga tsoho ko ɗaya yana neman burge kowa ba.

Da kiɗan ya tsaya na zaci za a watse. Ina! Nan aka buɗe gorunan shayi, aka shiga gaishe-gaishe. Wani dattijo mai hular hana-sallah, da ya ga baƙar fata a sahu, ya matso yana tambayar daga ina. Ɗan ƙanwata ya yi mana tafinta. Ya ce tun da matarsa ta rasu, wannan minti goman ne ke sa shi aske gemu ya sa tufafi masu tsabta, don ya san akwai masu ganinsa. Ya ce in mutum ya yi kwana biyu bai zo ba, wani zai bi ta gidansa ya danna ƙararrawa. A ƙasar da ke da kalma ta musamman, kodokushi, ga wanda ya mutu shi kaɗai a ɗaki ba a sani ba sai bayan kwanaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na tuna masallacin unguwarmu, inda in dattijo ya yi fashin asuba biyu, kafin hantsi an cika masa zaure da masu dubiya. Mu mun gaji abin ba mu san kuɗinsa ba, su kuwa da rediyo suka gina nasu.

Shigarsu ma abin lura ce. Ba sa jibga babbar riga ɗaya. Ƙanana suke sawa, uku ko huɗu, wata kan wata, da ɗan ƙyalle a wuya, rana na ɗagawa suna ragewa. Suna da wata magana, sankan shion, kwana uku sanyi kwana huɗu ɗumi, kuma wannan hawa da saukar ne ke kayar da mai rauni, musamman mai hawan jini. Kusan rabinsu na sanye da takunkumi. Na ɗauka tsoron mura ne, sai da na kwana biyu ina atishawa idanuna na ƙaiƙayi na gane. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an dasa itatuwan sugi bila adadin a kan duwatsu don samun katako, yanzu sun girma, daga Fabrairu zuwa Afrilu suna sakin garin fure da iska ke kwasowa har cikin birni. Kusan mutum 4 cikin 10 na fama da shi. Mai hasashen yanayi a talabijin yakan faɗi yawan garin da za a sha gobe kamar yadda yake faɗin ruwan sama. Mutum in ya dawo gida sai ya kakkaɓe rigarsa a waje, ya wanke fuska, ya kurkure maƙogwaro, kuma a ranar da garin ya yi yawa ba a shanya a waje. Mu da ƙurar hunturu ke turnuƙewa duk shekara, rawani kawai muke ja mu rufe hanci mu ce Allah ya kyauta.

Karin kumallonsu ya fara ba ni haushi kafin ya ba ni sha'awa. Ƙananan kwanoni biyar ko shida: 'yar shinkafa, romo, yankin gasasshen kifi, ganye, da wani waken suya da aka tsima, natto, mai warin da ya yi ɗan'uwa da daddawa, ga yauƙi kamar kuɓewa. Na ce wa yaron, wannan ai ɗanɗano ne, ina abincin? Ya ce, "Kawu, a nan cewa suke yi hara hachi bu. Ka raba cikinka goma, ka cika takwas, ka tashi." A wannan lokaci kasuwa cike take da tohon gora da ganyayen dutse masu ɗan ɗaci, tsofaffi na ɗokinsu kamar yadda iyayenmu ke ɗokin tafasa da rama a farkon damina. Suna iya tauna su kuwa, domin tun 1989 aka fara wani gangami mai suna 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20. Lokacin da aka fara, ko mutum ɗaya cikin goma bai cika wannan ba. Zuwa 2016 an haura rabi.

Labarin da ya fi kama ni na Nagano ne, har sai da muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya muka je muka kwana biyu. Jiha ce ta duwatsu, ba ta taɓa teku ba, sanyinta mai tsawo. Mutanenta sun saba jiƙa ganye a gishiri su ci har hunturu ya wuce, romonsu ma gishiri zau. A shekarun 1960 shanyewar ɓarin jiki tana kashe su fiye da yawancin sassan Japan. Likitoci da ma'aikatan lafiya suka horar da matan aure 'yan sa kai, su kuma suka riƙa bi gida gida suna auna gishirin romon maƙwabtansu, suna gwada jini, suna cewa a cika kwano da ganye don ruwan ya ragu, a ɗumama ko ɗaki ɗaya ne a gida. Ka auna irin ƙarfin halin da mace ke bukata kafin ta shiga madafar wata ta ce miyarta ta yi gishiri! A ƙididdigar 2010 Nagano ce ta zo ta ɗaya a tsawon rai, maza da mata. Na tuna yawan dunƙulen da ake jefawa a tukunyar gidana, na yi shiru.

A garin Saku na jihar Nagano sanyi bai saki ba tukuna, amma tsofaffi sun fita gona suna gyaran kunya, suna shimfiɗa baƙar leda a kan ƙasa don ta yi ɗumi. Can na ji maganar pin pin korori: ka rayu garau, in lokaci ya yi ka tafi ba doguwar jinya. Har mutum-mutumi suka kafa da wannan suna, suna zuwa roƙo a gabansa. Ni dai Allah nake roƙo, amma burin ba baƙo ba ne a kunnena. Sau nawa na ji dattawanmu na cewa Allah kada ya ɗora wa 'ya'ya wahalarsu?

Ba zan ce minti goma da ganye ne kaɗai suka yi aikin ba. Ƙasa ce mai arziki, tun 1961 kowa ke da inshorar lafiya, ruwan famfo ana sha kai tsaye. Masu shekara 100 su 153 ne a 1963, a 2024 sun haura 95,000, kuma kusan kashi 29 cikin 100 na jama'ar sun kai 65. Akwai ƙauyukan da makarantu suka rufe don babu yara, akwai tsofaffin da ke jinyar waɗanda suka fi su tsufa. Ban yi musu sha'awar wannan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya ƙwace wa tsohuwar nan kekenta ya ce ta zauna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 74 yana taka keke zuwa gona. Mu 'ya'yansa muka ga abin kunya ne a gan shi haka alhali muna da hali. Muka jingine keken, muka ɗauki 'yan ƙwadago, muka saya masa kujera mai taushi. "Baba, ka huta, mu za mu yi." Shekara biyu ba ta cika ba, masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kuma mu muka zaunar da shi, da sunan biyayya.

Ranar da zan taso na ce wa yaron mu koma Ueno. An yi ruwa da dare, furen ya zube ya manne a ƙasa kamar an watsa gari, koren ganye ya fara leƙowa a rassan. Ina tsayawa tsohuwar ta ɗago kai ta yi wata magana da sauri. Ɗan ƙanwata ya ƙyalƙyale da dariya. "Kawu, cewa ta yi ina ka shiga kwana biyu, ko ba ka da lafiya ne?" Kafin in haɗa amsa rediyo ya tashi. Na ɗaga hannu, ita kuwa ta saki kekenta, ta sa yatsu biyu a ƙarƙashin gwiwar hannuna, ta ƙara tura shi sama.