Vicinus: maƙwabcin da doka ta sani

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko sun san kalmar voisin, wato maƙwabci da Faransanci. Tushenta Latin ne, harshen Rumawan dā, inda ake cewa vicinus. Daga nan Sifaniyawa suka sami vecino, Italiyawa vicino, mutanen Fotugal kuma vizinho. Ita kanta vicinus daga vicus ta fito, ma'ana ƙauye ko unguwa. Ashe vicinus ɗan unguwarku ne kawai, ko kuna shiri ko ba kwa ga-maciji.

Rumawa ba su ɗauki unguwa da wasa ba. A shekara ta 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Agustus ya raba birnin Rum shiyya 14, aka kuma yanka shiyyoyin zuwa unguwanni, waɗanda daga baya aka ƙirga 265. Kowace unguwa tana da shugabanninta, kamar dai mai unguwa a wurinmu, kuma yawancinsu 'yantattun bayi ne.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne tsohuwar dokarsu ta Alluna Goma Sha Biyu, ta wajajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba ta ce ka so maƙwabcinka ba. Cewa ta yi a bar tazarar ƙafa biyu da rabi a gefen gini. In reshen bishiyarka ya leƙa gonar wani, a sassare shi har tsayin ƙafa 15. In 'ya'yan bishiyar sun zube a can, kana da damar shiga ka tsince abinka. In kuwa ka karkatar da ruwan sama ya yi wa na kusa da kai ɓarna, sai gaban alƙali. Waɗanda suka tsara wannan sun san daga inda rigima ke tashi. Ba mamaki da rivalis, wanda kuke shan rafi ɗaya da shi, ta koma nufin abokin hamayya.

Akwai kuma proximus, mafi kusa. Ita ce kalmar da fassarar Baibul ta Latin, wadda Jerom ya fara aikinta a shekara ta 382 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ta riƙe wajen umarnin ƙaunar maƙwabci. A can maƙwabci ya zama duk ɗan Adam, ko ba ka san ƙofar gidansa ba. Har yau Sifaniyanci yana bambanta vecino da prójimo.

Ni a ganina na farkon ya fi wuyar sha'ani. Son mutanen duniya a baki ba ya cin ko kwabo, amma mai janaretan da ya hana ka barci yana da suna da fuska, gobe ma sai kun gaisa.

Don Allah, kafin damina ta kankama, kowa ya duba inda indararonsa yake zuba.