Half-Life, gem ɗin 1998 da ya sa na buɗe baki a lab

Ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ke gargara ya ajiye shi sai dare. Wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya ne ya turo min saƙo yana tambaya wane gem ne zai tashi a tsohuwar laftof irin tamu ta 'yan makaranta. Na ce bari in amsa a fili, don amsar tana da labari a bayanta.

Lokacin da na samu gurbin karatu a sashen Fiziks a nan kudu, Baba ya saya min laftof tokumbo a Computer Village da ke Ikeja. RAM gig huɗu, batir ba ya kai awa ɗaya, fankarta kuwa in ta fara kuka sai ka ce injin markaɗe. 'Yan ɗakinmu suna buga FIFA da Call of Duty, ni kuwa ko buɗe su na yi sai ta sandare. A watan Nuwamban 2023 gem ɗin Half-Life ya cika shekara 25, kamfanin Valve ya raba shi kyauta na 'yan kwanaki a Steam. Wani ɗan ɗakinmu ya ce in sauke, bai kai gig ɗaya ba. Na sauke na manta da shi, sai a semesta ta biyu wani dare da kewar gida ta ishe ni na tuna da shi.

Ga wanda bai san shi ba: gem ne na harbi irin wanda kake kallon komai ta idon mutumin da kake sarrafawa, hannunsa da makaminsa kawai kake gani. Ya fito a 1998, shi ne gem na farko da Valve suka yi, kamfanin da Gabe Newell da Mike Harrington suka kafa a 1996 bayan sun bar Microsoft. Kai ne Gordon Freeman, masanin Fiziks ɗan shekara 27 mai digirin dakta daga MIT, ma'aikaci a wata cibiyar bincike ta ƙarƙashin ƙasa mai suna Black Mesa a hamadar New Mexico ta Amurka. Ko sunan gem ɗin ma daga darasinmu aka ɗauko shi, wato lokacin da rabin sinadari mai fitar da tururin nukiliya ke ɗauka kafin ya lalace. Alamar λ da ke jikin rigarsa kuma ita ce dai wadda muke rubutawa a lissafin wannan lalacewar.

Abin da ya fara ba ni mamaki, na shiga da shirin harbi sai na tsinci kaina a cikin ɗan jirgin ƙasa mai tarago ɗaya, za ni wurin aiki, kuma na makara. Mintoci ana tafiya, ba bindiga, ba abokin gaba, sai sanarwa a lasifika da abin da kake hangowa ta taga. Ka sauka, mai gadi ya buɗe maka ƙofa, ka je ka sa rigar kariya, manyan masana suna ta gunagunin cewa na'urori na ba da matsala tun safe kuma an matsa wa injin ya wuce ƙa'idarsa. Kowa ya san akwai abin da ba daidai ba. Duk da haka aka turo ƙaramin ma'aikaci, wato kai, cikin ɗakin gwajin. Ba bidiyo ake nuna maka ba fa, da hannunka za ka tura keken da ke ɗauke da dutsen gwajin zuwa cikin hasken injin. In ba ka tura ba gem ɗin ba zai ci gaba ba. Kana turawa komai ya tarwatse, ƙofa ta buɗe tsakanin duniyarmu da wata duniya da ake kira Xen, halittu suka fara faɗowa.

Makaminka na farko ƙarfen nan ne mai lanƙwasasshen kai da kafintoci ke ɓanɓare ƙusa da shi. Da shi za ka fuskanci headcrab, wata halitta kamar figaggiyar kaza da ke tsalle ta kama kan mutum ta mayar da shi dodo. Akwai wata kuma da ke manne a rufi ta sako harshe kamar igiya, kana gogarsa ta ja ka sama. Amma wurin da gabana ya fi faɗuwa ba na dodanni ba ne. Wani masani ya hango sojoji sun iso, ya ruga da murna an zo ceto, suka bindige shi a gaban idona. Ashe an turo su ne su shafe duk wani shaida. Kuma sojojin nan na 1998 sun fi na wasu gem ɗin yanzu wayo, in ka laɓe su jefo maka gurneti, in ka fito ka tarar sun zagayo ta bayanka.

Babu taswira, babu kibiya mai nuna maka hanya, kuma tun daga farko har ƙarshe Freeman ba ya furta ko kalma ɗaya. Wallahi wannan shirun nasa ne ya fara sa na ji ina son sa, don a lokacin ni ma haka nake. Ni kaɗai ne Bahaushe a rukuninmu na firaktikal. A Sabo na tashi, ina jin Yarabanci, ina jin buroka, amma ranar farko da na yi magana a aji harafin P ya kuɓuce min ya zama F, aka kwashe da dariya, daga ranar sunana ya koma Aboki. Sai na ɗauki shiru ya zama mafaka. A ce min riƙe nan in riƙe, rubuta kaza in rubuta.

To a makon da nake tsakiyar gem ɗin aka ba mu gwajin nan na fendulum, ɗan ƙarfe rataye da zare yana lilo, a auna lokacin lilo ashirin a fitar da ƙarfin jan ƙasa. Kowa ya san amsar tana wajen 9.8. Mu biyar muka yi, muka samu 10.8. Muka canza tsawon zare, aka sake, nan dai ta tsaya. Shugaban rukuninmu ya ce kada mu wahalar da kanmu, a ɗan taɓa lambobin su ba da 9.8, haka kowa ke yi. Ni aka miƙa wa littafin saboda rubutuna ya fi kyau. Na karɓa ban ce uffan ba. Kuma gaskiya ba shi ne karo na farko da na gyara lamba ba.

A daren nan na maƙale a babin da ake kira Blast Pit. Wasu dogayen hannuwa ne kore guda uku a cikin ramin gwajin roka, kowanne da baki kamar na tsuntsu, sara ɗaya ka mutu. Na zazzage musu duk harsashin da nake da shi, ko gezau. Na mutu ya fi sau ashirin, yatsana ya saba da F7 na dawo da wurin da na ajiye. Wuta ta ɗauke, batir na ta ƙasa, sai na daina harbi na tsaya a bakin ƙofa ina kallo kawai. Nan na lura ba sa gani. Sauti suke bi. In ka durƙusa ka yi sanɗa ba ruwansu da kai, in ka jefa gurneti can gefe duk su juya can. Akwai ma mai gadi a wurin da ya yi gargaɗin a yi shiru, ni ne gaggawa ta hana ni saurare.

Laftof ta mutu, na kwanta a duhu, sai lab ya dawo min a rai. Mun sake gwajin sau da yawa amma ba wanda ya tsaya ya kalli yadda muke yin sa. Na tuna wanda ke ƙirga mana lilon, yana sakin ƙarfen yake cewa ɗaya. Ai lokacin da ka saki ba a yi lilo ko ɗaya ba tukuna, daga sifili ake farawa. Ke nan lilo 19 muke aunawa muna rabawa da 20. Kuskuren kashi 5 cikin ɗari ne a lokacin, amma tunda a lissafin ana ninka lokacin da kansa kuma a ƙasa yake, sai ya koma kusan kashi 11 a amsar. Ka ƙara kashi 11 a kan 9.8 ka ga abin da zai ba ka. Da safe na ɗaura kwaɗon akwatina a zare, na rataye a ƙarfen gado, na auna da agogon waya. Na samu 9.7.

Saura magana, kuma ita ce ta fi Blast Pit wuya. Na same su a gindin bishiyar da muke zama, na faɗa da Turancina yadda ya zo. Wani ya kwaikwayi muryata, aka ɗan dara. Wanda ya yi ƙirgar ya haɗe rai, ya ce wato shi nake cewa bai iya ƙirga ba. Shugaba ya ce Aboki ba lokaci, Talata za a miƙa. Na ce to a ba wani littafin, ni dai ba zan rubuta ba. Wata yarinya a cikinmu ce ta ɗauki kalkuleta ta danna, ta ɗago ta ce gaskiyarsa ne fa. Muka je wurin mai kula da lab, na ce Oga a taimaka mana da minti ashirin. Ya kalle mu ya kalle mu, sannan ya ce mu dawo Alhamis.

Kada ku zaci labarin ya ƙare da tafi. Bakwai cikin goma muka samu. Rukunin da na san gyara lambobi suka yi sun samu takwas. Mai ƙirgar nan ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwata. Ba kuma zan ce gem ne ya mayar da ni mutumin kirki ba, tarbiyya daga gida take. Abin da ya yi min shi ne ya sa na daina harbi na kalli abin da ke gabana. Da na kai ƙarshensa kuma (wanda bai buga ba ya tsallake layin nan) sai ra'ayina game da Freeman ya canza. Mutumin nan mai kwat da jaka da kake hangowa jefi-jefi tun farko, wanda ake kira G-Man, ya tare shi ya ba shi zaɓi, ko ya yi masa aiki ko a jefa shi cikin dodanni ba makami. Mutumin da bai taɓa cewa a'a ba tun ranar da aka ce ya tura keke, ga inda shirunsa ya kai shi. Daga nan na daina sha'awar zama irinsa.

Yanzu aibunsa, don kada a ce na yi talla. Hotonsa ya tsufa, fuskoki kamar an sassaƙa su da adda, kuma fuska huɗu ce kacal ake ta maimaitawa a duk masanan cibiyar. Hawa tsani da sauka azaba ne, na mutu a kan tsani fiye da yadda sojoji suka kashe ni. Babin On a Rail ya yi tsawo har ya gundure ni. Ɓangaren Xen na ƙarshe kuwa shi ne mafi rauni, gem ɗin da ya koya maka lura da dabara sai ya koma tsalle-tsalle a kan duwatsu masu shawagi, ƙafa ta zame ka sake daga baya. Mai laftof mai ƙarfi zai iya neman Black Mesa, sabon ginin da masoyan gem ɗin suka kammala a 2020, sun sake Xen gaba ɗaya. Masu buga Counter-Strike kuma ku sani daga jikin Half-Life aka ƙera shi a 1999.

Don haka ƙanena, amsarka ke nan. Zai tashi a laftof ɗinka, ko da ta fi tawa tsufa. Ka nemi maus ko na aro ne, ka sa abin kunne don rabin gem ɗin a sauti yake, ka riƙa danna F6 kana ajiyewa kafin a ɗauke wuta. Kada ka fara shi ana saura sati biyu jarabawa, na gaya maka. In kun zo gwajin fendulum kuma, daga sifili ake fara ƙirga.

Waɗanda suka buga, ku faɗa min gaskiya a ƙasa, sau nawa kuka mutu a Blast Pit kafin ku gane?